A Paris sunan mai zane ya tsira, a Benin sunan matar

In ka leƙa gidajen gwanjon kayan da na Turawa, ko shafukan masu sayar da tsofaffin kayan ado, akwai wani kaya da ba ya yankewa: mutum-mutumin mace na tagulla, daga kai zuwa ƙirji kawai, babu hannu babu ƙafa, an ɗora shi kan ɗan dutse. Yawancinsu 'yan Faransa ne, an zuba su tsakanin wajajen 1850 zuwa 1914. Abu na farko da mai saye ke yi shi ne ya juya bayan abin ya nemi suna, don sunan nan shi ne kuɗin. Sunan wa? Sunan wanda ya tsara surar. Ita matar da ta zauna kwana da kwanaki tana sanƙarar da wuya ana kallon fuskarta, ba mai tambayar sunanta. Mu kuma a nan Najeriya muna da namu kawunan mata na tagulla da suka girmi waɗancan da shekara ɗari uku da ɗoriya, na masarautar Benin (ta jihar Edo nake nufi, ba Jamhuriyar Benin ta Kwatano ba), kuma a can abin a juye yake: kowa ya san sunan matar, Idia, amma wanda ya zuba tagullar babu sunansa ko a gefe. Wannan juyin shi ne abin da nake so mu ɗan tona, don yana nuna wa ake yi wa aikin tun farko.

Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu da gumaka. Ba sayen su nake tallatawa ba, hukuncin ajiye sura a ɗaki kuma malamai sun yi magana a kai, ba fagena ba ne. Amma kayan nan tarihi ne, kuma ana ta rigima a kansu tsakanin Abuja da Landan har yau, gara mutum ya san abin da ake rigimar a kai.

Bari mu fara da Paris. Akwai wani mutum Charles Cordier, an haife shi 1827 ya mutu 1905. A 1848, shekarar da Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka, ya fito da surar wani baƙin mutum ɗan Sudan da aka taɓa bautar da shi, wanda ke zaman kwaikwayo a ɗakunan masu zane na Paris. Wannan namijin an sa wa surarsa suna, Sa'id Abdallah, ko da yake sunan mutumin da ya zauna masa Seïd Enkess ne. Bayan shekara uku, 1851, sai Cordier ya yi masa abokiyar zama, surar wata baƙar mace da 'yan kunne da sarƙa da gashinta a murɗe, aka kai su babban baje kolin Landan na shekarar, har Sarauniya Victoria ta mallaki na tagulla. To me aka kira matar? Venus ta Afirka. Wato an ɗauko sunan wata allahiyar Rumawa an liƙa mata, nata sunan da uwarta ta raɗa mata ya bi iska. Kuma Cordier ba wai ado kawai yake yi ba, ma'aikacin gidan tarihin halittu na Paris ne, aikin da aka ba shi shi ne ya yi surorin "nau'o'in mutane", shi ya sa gwamnati ta tura shi Aljeriya a 1856, daga baya Girka da Masar. Kenan surar nan tana da wuri biyu: a falon attajiri ita ce kayan ƙawa, a gidan tarihi kuma samfuri ce, kusa da ƙoƙunan kai da ake aunawa. In aka ce mace samfurin jinsinta ce, ai suna ma cikas ne, shi ya sa aka cire shi.

Gaskiya ba zan ci amanar mutumin ba, aikin hannunsa ya yi kyau, kuma a zamanin da Turawa ke zana baƙar fata da muni da gangan shi ya tsaya ya yi fuskar da ke da mutunci. Har wata tsohuwar dabara ya farfaɗo da ita, ya zuba fuska da kafaɗa da tagulla sannan ya sassaƙa mayafin da wani dutse mai sheƙi na Aljeriya, kamar yadda ya yi a surar matar da ya kira ta yankunan mulkin mallaka a 1861. Amma ka lura, dutsen daga ƙasar da suka mamaye, matar daga ƙasar da suka mamaye, sa hannun kuma nasa.

Sai Jean-Baptiste Carpeaux, sa'an Cordier ne, 1827 shi ma. An ba shi kwangilar wani maɓulɓular ruwa a Paris mai mata huɗu da ke ɗauke da duniya, kowace tana wakiltar nahiya. Cikin shirin wadda za ta tsaya a matsayin Afirka ne a 1868 ya yi surar wata mace ta juya kai gefe cikin fushi, igiya ta ɗaure mata ƙirji da damtse har ta nutse cikin nama, riga a yage, a ƙasa an rubuta da Faransanci tambayar da ke nufin don me za a haifi mutum bawa. Shekaru da yawa ana kallon wannan a matsayin babban aikin yaƙi da bauta. To amma lissafa mana, 1868 shekara 20 kenan da Faransa ta soke bautar, Amurka ma ta soke a 1865. Ba wani haɗari a faɗin hakan a Paris a lokacin, abin yayi ne ma. Kuma ɗakin aikin Carpeaux ya yi ta buga kwafinta da tagulla da gasasshen yumɓu da farar ƙasa, manya da ƙanana, masu kuɗi suna saya suna ajiye mace ɗaurarriya tsirara rabi kusa da agogon falo. Gidan tarihin Metropolitan na New York ya sayi na farin dutse a 2019, a 2022 kuma suka shirya baje koli guda a kanta inda suka fito da wannan tambayar ƙarara, shin tausayi ne ko kasuwa. Ni dai a ganina duka biyun ne, kuma kasuwar ta fi nauyi.

Wannan maganar kwafi ita ce mutane da yawa ba su gane ba. In ka ga an rubuta sunan mai zane a jikin tagulla, kada ka ɗauka shi ya tsaya gaban wuta. Shi nasa yumɓu ne ko kaki, ya gama sura a ɗauki zubinta da farar ƙasa, daga nan sai masana'antar zubi. A wajajen 1836 wani injiniya Achille Collas ya ƙera na'urar da ke bin jikin babban mutum-mutumi tana sassaƙa ƙaraminsa daidai wa daida, a 1838 ya haɗa jari da Ferdinand Barbedienne, daga nan fa aka buɗe ƙofa. Barbedienne, Susse, Thiébaut, waɗannan kamfanoni ne masu ɗaruruwan ma'aikata da littafin kaya, ka zaɓi sura ka zaɓi girma ka zaɓi launi. Yawanci zubin yashi suke yi, irin dai yadda masu zubin tukunyar dalma a kasuwanninmu ke danna tukunya cikin yashi mai laima su cire ta su kwarara narkakken ƙarfe a gurbin, sai dai nasu gunduwa-gunduwa ake zubawa a zo a haɗa. Bayan zubi akwai mai gyaran fatar tagullar, wanda zai zauna da 'yan ƙananan kurfi da guduma yana fito da silin gashi ɗaya bayan ɗaya, yana share layin haɗi, yana buɗe ƙwayar ido. Akwai kuma mai launi da zai shafa sinadari ya bi da wuta har tagullar ta koma ruwan ƙasa ko kore ko ruwan zinari. Kyawun da kake gani a fuskar, rabinsa hannun waɗannan ne, kuma su ma ba sunansu, iyaka hatimin kamfani ɗan mitsitsi a baya. Ko Rodin, shahararren masassaƙin Faransa da ake ta kururutawa, ba shi ke zubi ba, gidan Rudier ne suka yi masa da yawa.

Zuwa 1890 abin ya zama masana'anta sosai. Emmanuel Villanis, haifaffen Lille da ya yi karatu a Turin ta Italiya, kusan duk rayuwarsa surar 'yan mata ya yi ta yi, fuska guda ce kusan, ido a lumshe an rarake shi ciki, sai a rubuta suna da manyan baƙaƙe a gindi: Sapho, Thaïs, Mignon. Ga suna kam, amma na matan wasan kwaikwayo da tatsuniya ne, ba na yarinyar da ta zauna masa ba. Irin waɗannan su suka cika kasuwar gwanjo yau, kuma da yawansu ma ba tagulla ba ne, tutiya ce aka shafa wa launi. Masu harkar suna ɗan kankare ƙasan gindin, in ya fito rawaya tagulla ce, in ya fito fari-fari kamar azurfa an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Ɗaya daga cikin matan da suka kutsa cikin mazan nan suka sa hannunsu a aiki ita ce Camille Claudel. Ta shiga ɗakin aikin Rodin tana 'yar shekara ashirin, tana yi masa aiki tana kuma zama masa, fuskarta na cikin ayyukansa da dama. Surar da ta yi ta wata ƙaramar yarinya mai kitso ɗaya a baya tana ɗaga ido sama, a farkon shekarun 1890, tana cikin mafi kyawun abin da zamanin ya bari. A 1913 danginta suka kai ta gidan mahaukata, ta shekara 30 a ciki har ta mutu a 1943, ba ta sake taɓa yumɓu ba. Sai a 2017 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a garin Nogent-sur-Seine.

To yanzu mu dawo gida. Oba Esigie ya hau gadon Benin a farkon ƙarni na 16, wajajen 1504, kuma bai hau a ruwan sanyi ba, sai da ya gwabza da ɗan'uwansa Arhuaran da ke garin Udo, sannan ga Attah na Igala daga Idah ya taso da runduna har kusa da birnin wajajen 1515. Tarihin baka na mutanen Edo ya ce uwarsa Idia ce ta tsaya masa, da shawara da asiri da mayaƙanta na kanta. Da ƙura ta lafa sai ya ƙirƙiro mata sarauta, Iyoba, wato uwar Oba, ya gina mata fada a Uselu da fadawanta da ƙasarta. Daga nan aka fara zuba kawunan tagulla na uwar sarki, ana ajiye su a wurin tunawa da ita bayan ta rasu. Za ka gane su da hular murjani mai tsini da ta lanƙwaso gaba, da sarƙoƙin murjani a wuya, da tsage huɗu-huɗu a saman kowane ido, don na maza uku-uku ake yi. Na farko-farkon, waɗanda ake dangantawa da Idia kanta, ba su da kauri ko kaɗan, fatar tagullar siririya ce, fuskar a sake kamar za ta yi numfashi. Akwai ɗaya a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, akwai wanda aka kai Berlin, akwai a gidan tarihi na ƙasa a Legas.

Yadda aka yi su ya bambanta da na Paris tun daga tushe. Maƙerin zai fara gina ƙwarya da yumɓu, siffar kai amma ba dalla-dalla ba, ya bar ta ta bushe. Sai ya lulluɓe ta da kakin zuma, kaurin kakin shi ne zai zama kaurin tagullar, a kan kakin ne zai yi duk aikin, kowane ƙwayar murjani na hular nan da hannu aka mulmula shi aka liƙa. Sai ya shafe da laka mai laushi sosai don ta shiga kowane lungu, ya bi da mai kauri, ya soka 'yan ƙusoshin ƙarfe don ƙwaryar ciki kada ta motsa. A sa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye ta hanyar da aka bar masa, a kwarara tagullar da ta narke a zafin da ya kusa digiri 1000 ta cike gurbin. In ta huce sai a fasa lakar. Kenan ba a maimaitawa, zubi ɗaya kai ɗaya, in iska ta maƙale a ciki ko lakar ta tsage aikin wata da watanni ya tafi, sai a sake daga farko. Felix von Luschan na gidan tarihin Berlin, wanda ya yi ta sayen kayan nan bayan an kwaso su, da kansa ya ce ko Cellini, gwanin zubin Italiya, ba zai zuba abin da ya fi su ba.

Su wa suka yi? Ƙungiyar maƙeran fada ce, Igun Eronmwon, sana'ar gado ce daga uba zuwa ɗa, suna da unguwarsu da shugabansu mai sarautar Inneh, kuma har gobe suna nan a titin Igun a birnin Benin. Tarihinsu ya ce wani Igueghae ne ya kawo sana'ar daga Ife zamanin Oba Oguola. Bayan wannan sunan ɗaya, sai shiru. Dalilin kuwa a fili yake, tagullar ta Oba ce, shi ke ba da ita shi ke ba da umarnin abin da za a zuba, zuba wa wani ba da izininsa ba babban laifi ne. Ba kasuwa, ba mai saye da za a burge da suna, to sa hannun na mene ne? Abin da ake so ya dawwama shi ne sarautar matar. A Paris kuwa mai saye ne sarki, shi kuma sunan gwani yake biya. Amma kada mu yi saurin cewa namu ya fi mutunta mace, don kan Idia ba hotonta ba ne yadda take, fuskar sarauta ce, ta samartaka mara tamoji, kuma talakar Benin ba wanda ya zuba mata ko ɗan kunne. Uwar sarki ce kaɗai ta samu.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne asalin ƙarfen. Abin da ake kira tagullar Benin yawancinsa jan ƙarfe ne da tutiya da ɗan dalma, ba jan ƙarfe da kuza ba kamar tsofaffin kayan tagullar Igbo-Ukwu ta jihar Anambra. Turawan Fotugal da suka iso gaɓar a ƙarshen ƙarni na 15 suna kawo mundaye na tagulla a matsayin kuɗi, suna karɓar barkono da hauren giwa da bayi. A 2023 wani bincike da Tobias Skowronek ya jagoranta ya gwada mundayen da aka tsamo daga jiragen da suka nutse, aka ga dalmar cikinsu ta dace da ta kayan Benin, kuma asalinta yankin kogin Rhine ne a Jamus. Shi ya sa kawunan baya-baya, na ƙarni na 18 da 19, suka yi kauri da nauyi, sarƙar wuya ta hau har ta rufe haɓa, ƙarfe ya yawaita ba a tsimi. Wato cinikin bayin da Carpeaux ya yi surar kuka a kansa, shi ne dai ya kawo wani ɓangare na tagullar da aka zuba uwayen sarakunan Benin da ita. Wannan ba ya yi wa kowa daɗin ji, har wasu jikokin bayi a Amurka sun kafa hujja da shi suna cewa su ma suna da haƙƙi a kayan.

Yadda suka bar gida kuwa sananne ne. A watan Fabrairu 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin suka ƙone shi, suka kwashe dubban kaya daga fada, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. Aka yi gwanjon kayan a Landan, Jamusawa suka saye da yawa. Lokacin bikin FESTAC na 1977 a Legas, fuskar Idia ta hauren giwa ce tambarin bikin, Najeriya ta nemi aron ta daga gidan tarihin Birtaniya aka hana, sai da aka sa masassaƙan Benin suka yi sabuwa. A 2022 Jamus ta sa hannu ta miƙa mallakar kaya sama da 1,100, a watan Maris 2023 Shugaba Buhari ya fitar da sanarwar cewa duk abin da aka dawo da shi na Oba ne, abin da ya tayar da wata sabuwar muhawara tsakanin fada da hukumar gidajen tarihi da Turawan da suka bayar. Holan ta dawo da 119 a 2025. Landan dai har yanzu tana riƙe da nata, tana fakewa da dokar 1963 da ta hana gidan tarihin rabuwa da kayansa.

Kuma inda kuɗi ya shiga jabu na biye. A 2007 an sayar da kan wani Oba na tagulla a gwanjon Sotheby's a New York kan sama da dala miliyan 4 da rabi, to wa zai ga wannan ya zauna? A ɓangaren Faransa dabarar ita ce a ɗauki zubi daga jikin tsohuwar tagulla a sake zubawa, har da sa hannun da hatimin. Abin da ke tona su shi ne tagulla tana ɗan tsukewa in ta huce, don haka kwafin kwafi kullum ya fi na asali ƙanƙanta kaɗan, gashin kuma ya dakushe. Wani dillali Guy Hain ya cika kasuwa da Rodin na ƙarya ta wannan hanyar har aka ɗaure shi a 1997. Yanzu ƙa'idar Faransa ita ce zubi 8 da ƙarin 4 na mai aikin su ne kaɗai ake kira na asali, amma kayan ƙarni na 19 an yi su kafin wannan, ba mai iya ce maka Villanis nawa ke yawo a duniya.

A ɓangarenmu kuma, a nan ne 'yan uwanmu suka shigo labarin. Shekaru da dama fataken Hausawa su ne ƙashin bayan cinikin kayan gargajiyar Afirka, daga ƙofar manyan otal na Legas da Kaduna zuwa kasuwar Abidjan har ɗakunan ajiya na New York. Kawunan Idia da suke ɗauka yawanci sababbi ne, wasu daga titin Igun, da yawa kuma daga Fumban ta Kamaru inda maƙeran Bamun suka ƙware wajen zuba kayan salon Benin. A jiƙa shi da sinadari, a binne a ƙasa ya yi 'yan watanni, a fito da shi da tsatsa kore da jar ƙasa a kunne, ya zama na kakan kaka. Manyan masu saye yanzu sai sun kai ɗakin gwaji, a ɗebi ɗan yumɓun da ya maƙale a cikin kan a auna yaushe wuta ta taɓa shi na ƙarshe, a kuma duba yawan tutiya da ko akwai alminiyam a ƙarfen, don alminiyam bai shiga hannun maƙera ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Masu jabun su ma sun koyi darasi, suna cusa tsohuwar gasasshiyar ƙasa a ciki don na'urar ta ruɗe. Shi kuwa maƙerin titin Igun da ya zuba sabon kai tsakani da Allah, in ya sa sunansa da shekara a gindi farashin faɗuwa yake, don Bature mai neman na 1500 ba ya son ganin 2024, dillali ma zai ce masa ya bar wurin a share.